Shafin Masoyi da Amanar Mighty Jets

A Jos ta yau, in ka leƙa gidan kallon ƙwallo a Dilimi ko Unguwar Rogo ranar Asabar, za ka tarar da yaran da suka san sunan gola na uku na Arsenal, suka san nawa aka sayo wane daga Faransa. Amma ka tambaye su wace ƙungiya ce ta fara cin gasar lig ta Najeriya, sai su hau kallon juna. Wani ya ce Rangers, wani ya ce Kano Pillars. Mighty Jets ce, ta garin nan, a 1972, shekarar da aka soma gasar. Ban ga laifin yaran ba. Abin da aka ajiye musu a waya shi suke karantawa. Turawa sun ajiye nasu tsaf, mu namu yana bakin dattawa, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi.

Shi ya sa na ji daɗi ƙwarai da ɗan yayata ya same ni a shago ya ce ya buɗe wa Jets shafi a intanet, yana so in taya shi gyaran tsofaffin hotuna. Sana'ata buga takardu ce, kalanda da katin biki da fasta, saboda haka hoton da ya koɗe ko ya sha ruwa ba baƙona ba ne. Yaron bai taɓa ganin Jets tana tashe ba. Ni ma a bakin Baffa, ƙanen mahaifinmu, na san Jets ɗin 1972. Gyaran hoton bai ba mu wahala ba. Abin da ya zaunar da mu shi ne wata tambaya: shafuka masu sunan ƙungiyoyi da 'yan ƙwallo da mawaƙa da 'yan fim sun cika Facebook da Instagram da TikTok, kowanne yana cewa na masoya ne. Me zai raba nasa da nasu?

Ni a wurina shafin masoyi shi ne wanda mai shi ya fito fili ya ce shi ba ƙungiyar ba ne, sannan ya ɗauki wahalar adana abin da ita kanta ƙungiyar ba ta adana ba. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Abu na farko da na sa shi ya yi, tun kafin mu taɓa hoto, shi ne ya rubuta a saman shafin cewa wannan aikin wani mai goyon baya ne, ba na Mighty Jets ba ne, ba na hukumar ƙwallo ba ne, kuma ba ya magana da yawun kowane ɗan wasa ko iyalinsa. Bai so ba.

"Kawu, in na rubuta haka ai raina shafin za a yi. Mutane sun fi bin wanda suke zaton na ƙungiya ne."

Na ce, "Ɗana, wanda zai bi ka don ya ɗauka kai ne Jets, ranar da ya gane ba kai ba ne, duk abin da ka rubuta ya zama ƙarya a wurinsa, har da na gaskiyar."

Ƙungiyar tana nan har yau, ko da yake ta daɗe rabonta da babban rukuni, tana da shugabanninta da masu magana da yawunta. Ba hurumin yaro ba ne ya ari bakinsu. Kuma duk mun ga inda arar baki take kai mutane. Wani ya buɗe shafi da sunan jarumar Kannywood, ya cika shi da hotunanta, mabiya su taru, sai ka ga an fara cewa mai son shiga fim ya turo kuɗin rajista. Wani ya wayi gari ya rubuta "Inna lillahi" a kan hoton mawaƙin da ke zaune lafiya a gidansa, don kawai jama'a su yi cincirindo, iyalin mutum su kwana cikin tashin hankali suna amsa waya. Wani kuma in mabiya sun kai yadda yake so sai ya sayar da shafin, ka kwanta kana bin ɗan ƙwallo ka tashi kana bin mai tallar maganin basir. Duk waɗannan suna kiran kansu masoya. Mai ƙaunar mutum ba ya sa rigarsa ya shiga kasuwa karɓar kuɗi da sunansa.

Amma faɗin matsayi abu ne mai sauƙi, layi biyu ne. Inda aikin yake shi ne abin da za a zuba a ciki.

Shafin ƙungiya na hukuma aikinsa talla ne, kuma ba laifi ba ne: yaushe za a buga wasa, nawa ne tikiti, wa aka sayo, ga hoton kofi. Ba ya son tuna ranar baƙin ciki. Masoyi kuwa ranar baƙin cikin ce ta fi zama masa a rai. In ka zaunar da Baffa ka ce ya ba ka labarin Jets, ba da kofin lig zai fara ba. Da wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wato gasar kofin ƙasa ta sili-ɗaya-ƙwale, na 1972 zai fara, wanda suka buga da Insurance ta Benin. Aka tashi 2 da 2 a Legas, aka sake bugawa a Ibadan, Insurance ta ci 3 da 2. Baffa bai je ko ɗaya ba, a rediyo ya saurara tare da abokansa a Gangare, amma in yana ba da labarin sai ka rantse a bayan raga ya tsaya. A 1974 Jets ta sake zuwa wasan ƙarshe, Rangers ta Enugu ta ɗauke kofin. Tun kafin Jets ma ƙungiyoyin Jos suna kaiwa ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, har mutanen gari suka ɗauka wani abu ne ya bi mu. Wanda ya cire wannan daga tarihin Jets don shafi ya yi kyau, ya cire abin da ya sa dattawan nan suke ƙaunarta har gobe.

To a nan ne muka fi daɗewa da yaron, don labarin Baffa kala biyu ne a cakuɗe. Akwai sakamakon wasa, wanda yake rubuce, kowa zai iya dubawa. Akwai kuma abin da Baffa ke faɗa game da alƙalin wasan ƙarshe na 1972, wanda ba shi da shaida a kansa sai zafin zuciya. Yaron ya so ya zuba duka a matsayin tarihi, don shi ya fi daɗin karantawa. Na hana. Na ce ya raba su gida biyu, kowanne da alamarsa: wannan na gani a jarida kaza, ta ranar kaza, wannan wani dattijo ne da ya saurari wasan a rediyo ya gaya mini. Mu da muka tashi muna jin malamai suna cewa wane ya ruwaito daga wane, bai kamata a koya mana muhimmancin sanin bakin da magana ta fito ba. Maganar dattijo tana da daraja, a ajiye ta da muryarsa in zai yiwu, amma a ajiye ta da sunan maganar dattijo. Zargin da ba shi da tushe a kan mutumin da yake da 'ya'ya da jikoki kuwa, a bar shi a majalisa, kada ya hau shafi.

Jaridun suna nan ga mai nema. Nigeria Standard ta garin nan a 1972 aka fara buga ta, New Nigerian ta Kaduna tun 1966, ga Daily Times ta Legas. Sai dai nema ne na ƙura da atishawa, ba na danna waya ba, kuma a nan ake gane wanda yake so da gaske.

Akwai ƙananan abubuwa da nake dubawa in na shiga irin wannan shafi, su ne ke gaya mini ko mai shi ya yi gumi. Misali, wanda ya rubuta cewa Jets ta ciyo wa Jihar Filato kofi a 1972, bai yi bincike ba. A lokacin Jos hedikwatar Jihar Binuwai-Filato ce, Joseph Gomwalk yana gwamna, sai a 1976 aka raba Filato da Binuwai. Haka Benin, a 1972 tana Jihar Midwest ne, sunan Bendel a 1976 ya zo. Wani zai ce mene ne a ciki. Akwai abu a ciki, domin wanda bai damu da shekarar jiha ba, ba zai damu ba in ya sa sunan wane a ƙarƙashin hoton wane. Kuma da zarar kuskure ya hau intanet, shafi goma sun kwafe shi kafin la'asar, bayan shekara kaɗan ya zama abin da kowa ya sani.

Maganar sunaye ita ce ta fi taɓa ni. Baffa yana da hoto guda na 'yan wasan, baƙi da fari, gefensa ya cinye. Da na ɗauke shi a na'ura na faɗaɗa, muka kai masa a waya, ya dinga nuna fuska yana kiran suna. Wasu ya kira nan take, wasu ya tsaya, wasu ya ce wannan fuskar na san ta amma sunan ya tafi. Yaron ya ce ko mu cike gurbin da sunayen da muka gani a wani wuri. Baffa da kansa ya amsa masa.

"A'a, jikana. Bar wurin haka. In ka sa sunan da ba nasa ba, ka binne mai hoton."

Haka muka bar shi, an rubuta "ba mu gano shi ba tukuna" a ƙarƙashin fuskokin da suka rage.

Sunayen da aka sani kuwa, ina so kowane yaron Jos ya karanta su a jere. Sam Garba Okoye, wanda yake cikin tawagar Najeriya a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, inda aka yi 3 da 3 da Brazil, ya rasu a hatsarin mota a 1978. Ismaila Mabo, ɗan baya, wanda daga baya ya horar da Super Falcons ya kai su zagayen kwata fainal a Kofin Duniya na mata a Amurka a 1999, Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2023. 'Yan gidan Atuegbu, cikinsu har da Aloysius da ya koma Rangers kuma ya ci Kofin Afirka da Green Eagles, tawagar Najeriya ta lokacin, a 1980. Baba Otu Mohammed, mai gudu a gefe. Da Alhaji Isiyaku Ibrahim da ya zuba dukiyarsa ya riƙe ƙungiyar. Dubi jerin nan da kyau. Musulmi da Kirista, ɗan Arewa da ɗan Kudu, riga ɗaya, gari ɗaya yana ihu a bayansu. Yaran da aka haifa bayan rikicin Jos na 2001, waɗanda suka tashi suka tarar an raba unguwanni, akwai inda iyaye ke hana su zuwa in magariba ta yi, in ka ce musu Jos ta taɓa zama haka sai su ɗauka daɗin baki ne na tsofaffi. Hoton nan shaida ne. Ba na cewa ƙwallo za ta gyara abin da ya ɓaci a garin nan, ciwon ya fi haka zurfi. Amma ina so shaidar ta kasance a inda yaro zai iya gani da idonsa, ba tare da wani ya yi masa wa'azi a kai ba.

Sai kuɗi. Da shafin ya fara samun jama'a, wani wakilin kamfanin caca ya aiko wa yaron saƙo, za su riƙa biyansa ya sa tallarsu. Ɗalibi ne, data tana cin kuɗi, na san abin ya shiga ransa. Ban yi masa faɗa ba. Na ce ya tuna dattawan da suka buɗe masa akwatunansu suka ba shi hotuna, da matar wani tsohon ɗan wasa da ta bar shi ya ɗauki hoton rigar mijinta. Sun ba shi ne don ya ce musu tunawa zai yi. In gobe ɗanta ya buɗe shafin ya ga rigar ubansa, a ƙarƙashinta ana kiran yara su zo su buga caca, me zai gaya mata? Ba haramun ba ne masoyi ya nemi taimakon kuɗin riƙe shafi, in ya faɗi nawa ne kuma ina za su tafi. Amma da zarar shafin ya zama hanyar cin abinci, sai mai shi ya fara zaɓen abin da ke jawo jama'a, ba abin da ya cancanci a adana ba. Jerin 'yan wasan wata shekara ba ya jawo kowa. Rigima da ƙage su ke jawowa.

Haka batun haƙƙin mallaka, wanda yawancinmu muke yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙauna ba ta ba ka mallakar abin wani. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare hoto shekara 50 daga fitowarsa, waƙa kuma shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗan Maraya Jos a 2015 ya rasu. Wanda ya kwashe waƙoƙinsa ya ɗora yana karɓar kuɗin talla, magada ba su sani ba, ba karrama shi ya yi ba, ko da ya rubuta "Allah ya jiƙan Baba" sau ɗari a ƙasa. Abin da na gaya wa yaron mai sauƙi ne: ka nemi izini, ka rubuta daga wurin wa hoto ya fito in mai shi ya yarda, ka rubuta sunan jaridar da ka yanko, kuma duk ranar da iyali suka ce a sauke wani abu, ka sauke ba tare da gardama ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗorewa. Mutane suna ɗauka abin da ya hau intanet ya zauna ke nan har abada. Ba haka ba ne. Irin waɗannan shafuka na masoya sun yi tashe a wani dandali mai suna GeoCities, wanda aka kafa a Amurka a 1994, inda kowa zai iya gina shafinsa kyauta. Har unguwanni aka yi masa, masu son fim suna Hollywood, masu son wasanni suna Colosseum. Yahoo ta saye shi a 1999, a watan Oktoba na 2009 ta rufe shi. Aikin shekaru na mutane masu ɗimbin yawa ya tafi, in ban da abin da wasu 'yan sa-kai, irin su Archive Team da Internet Archive, suka yi gaggawar kwafewa kafin a kashe. MySpace ma, wani dandalin sada zumunta, a 2019 ta fito ta ce waƙoƙin da jama'a suka ɗora cikin kimanin shekara 12 sun salwanta wajen sauya na'urori. Facebook da muke dogara da shi yau gidan haya ne, mai gida na iya rufe maka shafi da safe, ko ɓarawo ya sace lambar sirri. Ko ka sayi adireshinka na kanka, duk shekara sai an sabunta, in mai biya ya kwanta ciwo ko ya rasu, shi ke nan.

Mu mutanen Jos kuma mun san takarda ma ba ta da tabbas. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002. A rikicin 2001 da 2008 da 2010 gidaje sun ci wuta da duk abin da ke cikin akwatunansu. Hotunan Jets nawa suka tafi a haka, Allah kaɗai ya sani. Saboda haka na sa yaron ya ajiye komai wuri uku: a shafin, a wata ma'ajiya da ke shagona, sannan na buga masa muhimman a takarda mai kyau muka haɗa littafi, yana wurin mahaifiyarsa. Duk shafin da ya kammala yana tura shi Wayback Machine, ma'ajiyar shafuka ta Internet Archive, ya ajiye kwafi, kyauta ne. Lambar sirri kuma ba shi kaɗai ya san ta ba.

Akwai misali da nake nuna masa in ya fara gajiya. RSSSF wata ƙungiya ce ta masu son ƙididdigar ƙwallo, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban, tun 1994 suke tara sakamakon wasanni. Shafinsu ba ado ko kaɗan, rubutu ne zalla a jere, amma in kana neman jerin waɗanda suka ci lig da kofin Najeriya shekara bi shekara, za ka same shi a can, da sunayen waɗanda suka tattara a ƙasa. Mutumin da bai taɓa taka Jos ba ya rubuta sunan Jets a 1972 ya ajiye. Abin da shi ba zai iya ba, mu za mu iya: muryar Baffa, sunan mai ɗinka rigunan, ta wace hanya magoya baya suke bi zuwa fili, me ake rerawa in an ci.

Inda muka saɓa da yaron har yanzu shi ne faɗin shafin. Yana so ya shigar da Plateau United, da Mikel Obi da ya taso a garin nan, da Ahmed Musa, don su ne matasa ke nema. Ni ina ganin su Mikel da Ahmed Musa ba su rasa masu rubuta su ba, duniya ta san su, kuma shafin da ya ce zai ɗauki kowa ƙarshensa ya zama gidan labaran ƙwallo irin na kowa. Abu ɗaya na yarda a sa, shi ne Kofin Ƙalubalen da Plateau United ta ci a 1999 da ta doke Iwuanyanwu Nationale da ci 1 da nema, domin dattawan Jets sun ɗauke shi a matsayin bashin da aka biya su bayan shekaru suna jira. Lig ɗin 2017 da kocin United Kennedy Boboye ya ciyo kuwa, na ce magoya bayan United su buɗe nasu, sun fi mu sanin yadda za su ba da labarinsa. Bai gamsu ba, kuma shafinsa ne, shi zai yanke.

Yanzu aikin da ke gabansa jerin 'yan wasan 1974 ne. Ya samu na gaba da na tsakiya daga wata tsohuwar jarida, amma gefen da 'yan baya suke ya yage. Baffa ya ce kada ya yi gaggawa, akwai abokinsa a Bukuru da ya fi shi riƙe sunayen 'yan baya, in an sauko daga Juma'a mai zuwa zai raka shi da kansa.